Galop, layin maza ko jami'in IDVA: inda namiji mai son jinsinsa zai fara neman taimako a Ingila da Wales

Namijin da abokin zamansa ke duka, ko ya riƙe masa fasfo da katin banki, ko yake masa barazanar tona masa asiri wurin iyayensa, yana da wuraren zuwa da dama a Ingila da Wales. Sai dai kowane wuri da iyakar abin da yake iya yi. Wani sauraro da shawara ne aikinsa, wani yana da ikon sa a canza maka makullin ƙofa cikin kwanaki, wani kuma shi kaɗai doka ta ɗora wa nauyin ba ka wurin kwana. Wanda ya fara da inda bai dace da buƙatarsa ba yakan sha yawo, ya maimaita labarinsa sau uku sau huɗu, har ya gaji ya koma gidan da ya fito. Bayanin nan na maza ne masu son maza, da masu son maza da mata duka, da waɗanda suka sauya jinsi suke rayuwa a matsayin maza.

Dokar cin zarafi a cikin gida ta 2021 ba ta bambanta namiji da mace ba, ba ta kuma ce dole sai an yi aure ko ana zaune ɗaki ɗaya ba. Ta shafi duk wanda ya kai shekara 16, idan mai cutar da shi miji ne, ko saurayi, ko tsohon saurayi, ko ɗan uwa. Bayan duka da fyaɗe, ta lissafa barazana, da danniya, da tauye wa mutum hanyar kuɗi. Ƙididdigar ONS, hukumar ƙididdiga ta ƙasa, ta shekarar da ta ƙare a watan Maris na 2023 ta nuna maza kimanin 751,000 da mata miliyan 1.4 ne aka ci zarafinsu a gida, wato kusan ɗaya cikin uku namiji ne. Duk da haka yawancin gidajen fakewa da ma'aikatan fannin an tanade su ne domin mata, kuma wannan shi ya sa zaɓin namiji yake buƙatar lissafi.

Idan rai na cikin haɗari a wannan lokacin, babu wani zaɓi da za a tsaya yi, 999 za a kira. Wanda ba zai iya magana ba saboda mai dukan yana kusa, in da wayar hannu ya kira, ya saurara ya danna 55 idan an buƙaci hakan, za a haɗa shi da 'yan sanda. Danna 55 ba ya nuna musu ainihin inda kake, don haka ko da raɗa ce ka yi ƙoƙarin faɗin lambar gida da sunan titi.

Ƙungiyoyin da suka ƙware kan masu son jinsi

Babbar cikinsu ita ce Galop, wadda aka kafa a Landan a 1982, kuma tun 2016 take riƙe da layin waya na ƙasa baki ɗaya kan cin zarafin masu son jinsi da masu sauya jinsi, a kan 0800 999 5428. A Manchester akwai LGBT Foundation, a Birmingham akwai Birmingham LGBT, dukansu suna da sashen cin zarafi a gida. Amfaninsu na farko shi ne ba sai ka yi wa kowa darasi ba. Idan ka ce ya ɗauki hoton kwalbar maganinka na HIV ya ce zai tura wa yayanka, ko ya ɓoye maka allurar testosteron, ko yana kiranka da sunanka na da a gaban mutane da gangan, wanda ke kan layin ya san wannan makami ne, ya kuma san nauyinsa. Namiji mai son maza da mata wanda matarsa ce ke riƙe da sirrinsa tana juya shi da shi, nan ne ma ya fi samun mai fahimtarsa, domin a wasu wuraren da zarar an ji yana da mata sai a ɗauka zancen jinsi bai taso ba.

Rauninsu biyu ne. Layin ba ya aiki dare da rana, kuma ma'aikatan da ke bin shari'ar mutum ƙafa da ƙafa sun fi yawa a manyan birane. Mai zama a ƙaramin gari zai iya samun shawara mai kyau ta waya, amma wanda zai raka shi ofishin gidaje ko kotu sai an nemo shi a yankinsa. Na biyun ya fi dabara: jama'ar masu son jinsi a gari ɗaya ba su da yawa, kowa ya san kowa. Mai cutar da kai yana iya zama mai zuwa cibiyar, ko abokin wani ma'aikacinta, ko ma ya riga ka kira ya ce shi ake cuta. Saboda haka a kiran farko ka tambaya kai tsaye: me kuke yi idan mu biyun muka zo wurinku? Wurin da ya san aikinsa zai ce maka ba ma'aikaci ɗaya zai riƙe ku ba, kuma ba za a gaya wa ɗayan ko ka taɓa zuwa ba.

Layukan maza

Men's Advice Line, wanda ƙungiyar Respect ke gudanarwa a kan 0808 801 0327, da ManKind Initiative, na kowane namiji ne, ko wa yake so. A Wales akwai Dyn Project, da layin Live Fear Free a kan 0808 80 10 800 wanda ke aiki dare da rana ga kowa. Ƙarfin waɗannan shi ne sun san inda ake karɓar maza. Gadajen maza a gidajen fakewa kaɗan ne ƙwarai, a warwatse, kuma su ne suka fi sanin wanda ya buɗe a makon nan. Sun kuma saba da maganar 'ya'ya da kotun iyali, wadda ta shafi maza da yawa da suka taɓa aure.

Akwai abin da ke ɓata wa masu kira rai idan ba a faɗa musu tun farko ba. Wuraren da ke taimakon maza sukan yi tambayoyin tantancewa: wa ke tsoron wa, wa ke yanke shawara a gidan, ka taɓa dukansa, me ya faru kafin nan. Dalilin shi ne wasu masu cin zarafi sukan gabatar da kansu a matsayin waɗanda aka zalunta, kuma idan maza biyu ne ba a iya ganewa da ido. Kada ka ɗauka an ƙi yarda da kai. Idan ka taɓa ramawa, ka faɗa, ka bayyana yadda aka yi. Ture wanda ya shaƙe ka daban yake da tsare mutum a ɗaki, kuma ma'aikacin da ya ƙware ya san bambancin. Ɓoyewar ce ke yin illa, domin ranar da ɗayan ya fito da hoton yaƙushi a wuyansa, sai duk maganarka ta shiga shakka.

Layin ƙasa da Refuge ke riƙewa, 0808 2000 247, yana aiki dare da rana amma mata aka fi tanadar masa. Ga wanda damuwa ta yi wa yawa cikin dare har yana tunanin halaka kansa, Samaritans na kan 116 123 a kowane lokaci.

Jami'in IDVA na yankinka

A ganinmu wannan ce ƙofar da maza suka fi tsallakewa alhali ita ta fi ƙarfi. IDVA jami'i ne mai zaman kansa da aka horar domin tsaya wa wanda ke cikin babban haɗari, kuma kusan kowace ƙaramar hukuma tana biyan wata ƙungiya ta samar da su. Sunan ƙungiyar kan yi kama da na mata zalla, shi ya sa maza ke wucewa, amma da yawansu kwangilarsu ta haɗa da maza. Ana samun lambarsu a shafin intanet na ƙaramar hukuma, kuma galibi mutum na iya kai kansa ba sai 'yan sanda sun tura shi ba.

Abin da zai fara yi shi ne cike takardar auna haɗari da ake kira DASH. Ta ƙungiyar SafeLives tana da tambayoyi 24: ko an taɓa shaƙe ka, ko an yi maka barazanar kisa, ko abin yana ƙaruwa, ko kun rabu ko kana shirin rabuwa, ko yana bibiyarka, ko akwai shaye-shaye. Wanda ya amsa e sau 14 ko fiye akan miƙa batunsa ga taron MARAC, tsarin da aka fara a Cardiff a 2003, inda 'yan sanda da ma'aikatan lafiya da na gidaje da na kula da yara ke zama teburi ɗaya su raba aiki. Daga nan ne ake samun a sa wa adireshinka alama a na'urar 'yan sanda don a hanzarta idan ka kira, a canza makulli, a sa ƙararrawa, a matsa wa sashen gidaje.

Inda ake samun matsala shi ne takardar ba ta tambayar abubuwan da suka fi damun mai son jinsi. Babu tambaya kan tona asiri, ko hana maganin HIV, ko hana maganin sauya jinsi. Ga kuma halin maza na rage magana: an tambaye shi ko yana jin tsoro, sai ya ce a'a, ai ba komai. Haka mutumin da ke cikin haɗari na gaske zai tashi da maki tara. Abin da ya kamata ka sani shi ne makin ba shi kaɗai ne hanya ba, jami'in na iya miƙa batunka bisa nasa hangen ko da makin bai kai ba. Don haka ka faɗi abin da ba a tambaya ba, ka ce a rubuta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: idan ka san abin da danginka za su yi ranar da suka ji, ka bayyana shi dalla-dalla, da wanda kake tsoro da dalili.

Farashin wannan ƙarfi shi ne sirri. Ba ka halartar taron MARAC, IDVA ne ke magana a madadinka, kuma hukumomi da dama za su ji labarin. Idan haɗarin ya yi tsanani ana iya kai batun ko ba ka amince ba. Ka zauna da jami'in tun kafin taron ku tsara abin da za a faɗa da wanda babu buƙatar faɗa, da adireshin da ba za a aika wasiƙa ba. Wanda ya sauya jinsi kuma yana da takardar shaidar jinsi ko ya nema, sashe na 22 na dokar amincewa da sauya jinsi ta 2004 ya haramta wa jami'i bayyana tarihinsa sai a wasu keɓantattun yanayi, kuma tunatar da su wannan ba laifi ba ne.

Idan za mu ba da shawara ɗaya tak, ita ce a haɗa biyu: Galop ko makamanciyarta domin fahimta da shawara, IDVA na yanki domin aikin ƙasa. Ana iya roƙon ɗayansu ya tuntuɓi ɗayan, kada kai ka riƙa kai-komo da labari.

'Yan sanda ko kotun iyali

Nan ne zaɓin ya fi nauyi, kuma mutane da yawa ba su san hanya biyu ce ba. Ta 'yan sanda tana kai ga kamu da tuhuma. Danniya da juya mutum laifi ne tun dokar 2015, hukuncinsa har ɗaurin shekara 5, kuma daga Afrilun 2023 ya haɗa da abin da ake yi bayan an rabu. Shaƙe wuya ya zama laifi mai zaman kansa tun Yunin 2022, shi ma har shekara 5, ko da bai bar tabo ba. Barazanar yaɗa hotunan tsiraici laifi ne. 'Yan sanda na iya fitar da mai laifin daga gidan na awa 48 nan take, kotun majistare ta tsawaita zuwa kwana 14 har 28, ba tare da kai ka shigar da ƙara ba. Amma da zarar ka kai rahoto, linzamin ya bar hannunka: masu gabatar da ƙara ne ke yanke shawarar tuhuma, suna iya ci gaba ko ka janye, kuma kotun laifi a buɗe take ga jama'a. Wanda aka yi wa fyaɗe ko wani laifin lalata doka ta hana a wallafa sunansa har abada, amma wanda aka yi wa duka kawai ba shi da wannan kariya kai tsaye.

Ga yadda abin ke lalacewa a daren da aka kira su. Jami'ai biyu sun shigo, sun tarar da maza biyu, ɗaya leɓensa ya fashe, ɗaya rigarsa ta yage. Mai laifin ya natsu, Turancinsa ya fi kyau, ya ce abokin haya ne, gardama ce kan kuɗin wuta. Wanda aka cuta yana rawar jiki, yana tsoron maƙwabta su ji, sai ya gyaɗa kai. An rubuta faɗan abokan haya, ba a cike takardar haɗari ba, ba a tura wa IDVA ba. Maganin wannan jumla biyu ce: ka ce kana son magana kai kaɗai a waje ko cikin mota, sannan ka ce wannan abokin zamana ne, kuma ba yau ya fara ba. Ka karɓi lambar rahoton kafin su tafi.

Hanyar kotun iyali kuwa kai ke riƙe da ita. Ana cike fom FL401 a nemi umarnin hana tsangwama, babu kuɗin kotu, kuma idan akwai gaggawa alƙali na iya bayarwa a ranar ba tare da an sanar da ɗayan ba, sai a sa ranar da za a saurare shi. Yakan yi wata 6 zuwa 12, kuma karya shi laifi ne mai ɗaurin har shekara 5. Ana iya roƙon a rubuta a ciki cewa kada ya tuntuɓi iyalinka ko wurin aikinka, kada ya wallafa komai a kanka, wanda ga mai tsoron tonon asiri shi ne gishirin umarnin. Da fom ɗin kuma ake neman umarnin da zai fitar da shi daga gidan, amma wannan ya fi wuyar samu. Zaman a keɓe ake yi, kuma tun 2022 doka ta ba da damar hana wanda ake zargi yi maka tambayoyi da bakinsa. Abu biyu ke tuntuɓe mutane. Bayanin da ka rubuta za a kai masa ya karanta, don haka sabon adireshinka ba ya shiga ciki, a fom C8 ake sa shi. Kuma umarnin ba ya da amfani sai ya san da shi, kuma ba kai za ka miƙa masa ba, ma'aikacin kotu ko wanda lauya ya ɗauka ne zai kai. Ƙungiyar NCDV da manhajar CourtNav suna taimakawa da cike takardun kyauta.

A taƙaice dai, wanda ke son a nisanta masa mutum ba tare da hayaniya ba, kotun iyali ta fi masa. Wanda aka shaƙe, ko aka nuna wa wuƙa, ko ake bi duk inda ya je, takarda kaɗai ba za ta tsare shi ba, 'yan sanda da IDVA yake buƙata. Wanda kuma bai daɗe da fara soyayya ba yana ganin alamu, tsarin da ake kira Clare's Law, wanda ya fara aiki a 2014, ya ba shi damar tambayar 'yan sanda ko mutumin yana da tarihin cin zarafi, ana sa ran amsa cikin kwana 28.

Wurin kwana

Gidan fakewa yana da adireshin sirri da ma'aikata a kusa, kuma idan aka ba ka gado akwai tsarin Rail to Refuge da ke biyan tikitin jirgin ƙasa, maza ma sun shiga ciki. Amma gadon na iya kasancewa a ɗaya ƙarshen ƙasar, nesa da aikinka da asibitinka, kuma mai aiki yakan biya haya mai tsada domin tallafin haya ba zai ɗauke masa duka ba. Ka tambaya ko ɗaki ne mai banɗakinsa ko na haɗaka, da kuma yadda suke tabbatar da cewa mai cutar da kai, wanda shi ma namiji ne, ba zai samu shiga ba. Wanda ya sauya jinsi ya tambayi ƙa'idar gidan tun a waya kafin ya hau jirgi, domin bayan hukuncin Kotun Ƙoli na Afrilun 2025, wanda ya ce jinsi a dokar daidaito ta 2010 na nufin jinsin haihuwa, gidaje da dama sun sake duba wanda suke karɓa.

Ga yawancin maza, ofishin gidaje na ƙaramar hukuma ya fi zama tabbas. Tun 5 ga Yulin 2021, a Ingila duk wanda cin zarafi ya raba da gidansa yana cikin masu fifiko, ko ba shi da yara. Kana iya zuwa kowace ƙaramar hukuma, kuma ba za a mayar da kai yankin da kake cikin haɗari ba. Idan suna da dalilin zaton ka cancanta, wajibi ne su ba ka masauki na wucin gadi yayin da suke bincike. A kan teburin karɓar baƙi ake yawan karkatar da mutane: a ce sai ka kawo rahoton 'yan sanda, ko a ce ai kai namiji ne ba ka da yara, ko a ce ka koma yankinku. Ka ce kana shigar da buƙatar marar gida saboda cin zarafi a gida, kuma kana son hukuncinsu a rubuce. Kana da kwana 21 na neman a sake duba shi. Wasiƙar IDVA ko ta likita tana sauƙaƙa wannan zama ƙwarai. Masaukin kan zama otal mai arha ko gidan haɗaka, ba wurin jin daɗi ba ne, kuma idan ana tsangwamarka a can saboda jinsinka kana da damar cewa bai dace ba. Stonewall Housing tana ba da shawara kan wannan, ƙungiyar akt kuma tana kula da 'yan shekara 16 zuwa 25.

Kada ka ajiye hayarka ko ka sa hannu kan komai kafin ka samu shawara. Idan sunanku biyu ne a yarjejeniyar haya mai tafiya wata-wata, sanarwar fita daga mutum ɗaya na iya kashe ta ga ku duka, kuma shi ma yana iya yi maka haka.

Idan takardun zama ne igiyar

Wanda ya shigo da bizar aure ko ta abokin zama, mai cutar da shi yakan ce masa ranar da ya fita za a kore shi daga ƙasar. Akwai rangwamen da ake kira MVDAC, wanda ke ba da izinin zama na wata 3 tare da damar karɓar tallafin gwamnati, kuma auren jinsi ɗaya ya shiga ciki. Wanda abokin zamansa ɗan ƙasa ne ko mai izinin dindindin yana iya neman zaman dindindin a cikin wannan lokaci. Daga Fabrairun 2024 an faɗaɗa wata ukun ga waɗanda suka shigo a matsayin abokan zaman mai bizar ma'aikaci ko ɗalibi, amma su ba su da hanyar dindindin ɗin, kuma neman rangwamen yana maye gurbin bizar da suke kai. Saboda haka lauyan shige da fice ne farkon wanda za a gani, kafin a cike komai. Wanda ba shi da takardu ya sani cewa babu dokar da ta hana 'yan sanda miƙa bayaninsa ga ma'aikatar cikin gida, don haka ya fara da ƙungiya mai zaman kanta. Rainbow Migration tana taimakon masu neman mafakar siyasa saboda jinsinsu.

Kan tafinta kuma a yi hattara. Masu jin harshe ɗaya a gari ɗaya sukan san juna. Ka nemi tafinta ta waya daga wani gari, ka ce kada a faɗa masa cikakken sunanka, kuma kada ka yarda a sa ɗan uwa ko aboki ya fassara.

Idan dangi ne masu cutarwar, musamman in ana shirin ɗaura maka aure don a rufe magana, ƙungiyar Karma Nirvana da sashen gwamnati na Forced Marriage Unit sun fi layukan maza sanin wannan. Auren dole laifi ne tun 2014, kuma kotu na iya ba da umarnin kariya har da karɓe fasfo daga hannun wanda ya riƙe. Kada a yarda da zaman sulhu da dangi a irin wannan hali. Haka nan zaman sasanta ma'aurata wurin mai ba da shawara bai dace da inda ɗaya ke tsoron ɗaya ba: abin da ka faɗa a ɗakin, a gida za ka biya shi.

Asibiti

Wannan sashe agogo ne ke mulkinsa. Wanda aka yi wa fyaɗe, maganin PEP mai hana kamuwa da HIV sai an fara shi cikin awa 72, gara ma cikin 24, ana shan sa kwana 28, kuma ana samunsa kyauta a asibitin cututtukan jima'i ko sashen gaggawa. Cibiyoyin SARC, masu kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe, suna karɓar maza, suna ɗaukar shaidar jiki galibi cikin kwana 7, su ajiye ta ko ba ka yanke shawarar zuwa wurin 'yan sanda ba. In zai yiwu kada a yi wanka, a sa tufafin a jakar takarda. Idan ana zargin an zuba maka GHB, wani magani mai gusar da hankali, a yi gwajin fitsari da wuri domin yakan ɓace cikin kamar awa 12. Namijin da ya sauya jinsi ya tuna testosteron ba ya hana ɗaukar ciki, kuma maganin gaggawa yana aiki ne cikin kwana 3 zuwa 5 gwargwadon irinsa. Wanda aka shaƙe ya je sashen gaggawa ko babu tabo, musamman in murya ta dushe ko haɗiya tana wuya, domin lahanin jijiyoyin wuya na iya bayyana bayan kwanaki. SurvivorsUK tana ba maza shawarar da ta shafi fyaɗe na tsawon lokaci.

Likitan unguwa ba zai ba ka mafaka ba, amma abin da ya rubuta yana zama shaida a kotu, da ofishin gidaje, da wurin neman lauyan da gwamnati ke biya maka. Ka roƙe shi ya ɓoye wannan bayani daga abin da ake gani a manhajar NHS, hukumar lafiya ta ƙasa, idan ɗayan yana taɓa wayarka.

Wayar ita ce ke tona yawancin shirye-shirye. Lambobin 0800 da 0808 kyauta ne, amma suna zama a jerin kiran da ke cikin wayar sai an goge. Wasu shagunan magani irin su Boots suna da ɗakin Safe Spaces inda za ka shiga ka yi kira ba mai tambayarka dalili. Ba a fafe gora ranar tafiya: tun kafin ranar a buɗe sabon imel a na'urar da bai sani ba, a tura hotunan rauni masu kwanan wata da saƙonnin barazana can, a ajiye fasfo da maganin wata guda wurin wanda aka amince da shi. Raba wurin da kake ta Google ko Apple kada a kashe shi tun kana gidan, domin zai lura ya tambaya, a bari sai an fita. Manhajojin neman abokai irin su Grindr suna nuna tazarar da ke tsakaninka da mai dubawa, kuma da asusun bogi da ɗan yawo ana iya gano unguwar da ka koma, don haka a kashe nuna tazara ko a rufe asusun gaba ɗaya na makonnin farko, waɗanda su ne mafi haɗari bayan rabuwa.